Mutum Bakwai a Kan Tirela, Huɗu a Takarda

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa. Wai Garba Tafireta ya huta, kwamfuta ke yi masa aiki, shi nasa shan shayi ne da kallon danfo, motocin hayar Legas. Wai ko akuya aka ɗora a kujerata za ta iya. Ba zan yi musu da ku da baki ba, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Takardar farko da na buga da hannuna ta neman aikin gadi ce, ta wani Buzu mai suna Ilu. Lokacin ina wajen Baba Lasisi, wani dattijo Bayarabe ɗan Ijebu mai tebur da laima a bakin titi nan Agege. A aji huɗu na firamare na tsaya, Turancin da na zo da shi daga Gumel kuwa bai kai na sayen burodi ba. Baba Lasisi bai damu ba, shi yatsu yake dubawa. Fallen takarda uku, kabon biyu a tsakani, ka daidaita bakinsu a kan tebur, ka cusa a keken rubutu, ka murɗa. In ka buga da sauƙi, ta ukun ba za ta fito ba. In ka buga da ƙarfi, harafi ya huda ta farko. Takardar Ilu sau shida na sake ta. A ta shidan na zare ta ina murna, sai na ji rula a bayan hannuna. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Laifina, na zare kafin in karanta wa mai ita. In ka zare takarda daga keke, ba za ka ƙara mayar da ita kan layinta daidai ba, gyara ya ƙare. Shekara bakwai na yi a ƙarƙashin laimar nan. Can na iya Yarbanci, can na haddace Turancin takarda, irin wanda nake iya bugawa amma ba na iya hira da shi.

Wata yarjejeniyar haya da na buga wa wani mai shayi na Obalende ita ta koya mini rabin sana'ar. Ya zauna ya ba ni labarin maigidan tun daga ranar da suka haɗu, har da rashin lafiyar matarsa, bai faɗi abin da yake so a rubuta ba. Haka mutanenmu suke. Ba takarda suke kawo maka ba, labari suke kawowa, kai ne za ka tsamo takardar daga ciki. Ka tambayi suna, ya ce Ɗan Asabe. Ka ce sunan yanka, sai ya yi ta lalube kafin ya tuna. Ka ce sunan uba, ya ba ka sunan kawun da ya riƙe shi. Ka tambayi gari, ya faɗi babban garin da ke kusa, don yana ganin ba ka san ƙauyensu ba. Bugawa minti biyar ce. Tambayar ce aikin, kuma ita ba a nuna ta a allon kwamfuta, shi ya sa ba ku ganin ta.

Shekarar da aka rushe rumfunan bakin layin dogo, har da tawa, a lokacin na riga na bar keke na koma kwamfuta. Da hantsi aka zo, ga ruwan sama. Na fito da kwamfuta a ka, firinta a hammata, injin hoton takarda kuwa can na bar shi, ban ƙara ganinsa ba. Wata huɗu firinta tana ƙarƙashin gado a ɗakin da muke kwana da iyali. Da na samu wannan shagon, sai na tarar duniya ta wuce ni. Kowa ya iya rubuta wasiƙa a wayarsa. Masu neman aiki sun daina zuwa. Abu ɗaya ya riƙe ni, takardar hanya ta ƙungiyar dillalan dabbobi ta unguwarmu.

Bari in faɗi mece ce, don wasunku ba su taɓa wuce Berger, bakin fita Legas, ba. Tirelar da ta ɗauko raguna ko shanu daga Arewa tana tafe da takarda mai hatimin ƙungiya. A ciki akwai lambar mota, sunan direba, kasuwar da aka yi lodi, yawan dabbobi, da sunayen masu rakiya, wato mutanen da ke hawa sama suna ta da dabbar da ta faɗi kada a tattake ta. A kowane shinge ita ake nunawa. Da can mai lodi zai kira ni daga Maigatari ko Illela, yana ihu a waya, raguna na ihu a bayansa, ni ina rubutawa. In buga, in kai wa shugaban ƙungiya Alhaji Bawa ya sa hatimi, in ɗauki hoto in tura. Gab da Babbar Sallah ko abinci ba na ci a zaune.

Nasiru, surukin Alhaji Bawa, mai aiki a wani kamfani a Ikeja, shi ya nuna mini abin da kuke kira hutu. Ya ce, "Baba Garba, wahalar nan ta isa. Akwai manhajar da ba sai ka iya yaren kwamfuta ba. Akwati-akwati ne, ka ja layi daga wannan zuwa wancan." Sau ɗaya ya nuna mini, wata Asabar, ya tafi. Sauran ni na haɗa da hannuna, sati uku ina ɓatawa ina gyarawa. Akwatin farko fom ne da mai lodi ke cikewa a wayarsa. Na biyu jadawali ne, duk abin da ya rubuta can yake faɗawa, da ranar da lokacin. Na uku ita ce uwar takardar, wadda na zana da ramuka a jikinta: ramin lambar mota, ramin sunan direba, ramin sunayen masu rakiya, hoton hatimi a ƙasa. Na huɗu yana zuba amsoshi a ramukan ya mayar da ita PDF, irin takardar cikin waya da ba a goge rubutunta. Na biyar ya tura wa direba. Mai lodi na danna yatsa a Maigatari, kafin ya mayar da waya aljihu takarda ta isa. Wata biyu ana haka lafiya lau. Har na daina buɗe su in duba. Wannan ku riƙe shi, na daina dubawa.

Wata Talata, saura kwana tara Sallah, wajen ƙarfe tara na safe, Ɗanladi direba ya kira ni. Mutum ne mai wasa, kullum sai ya ce mini "Sakataren gwamna." Ranar bai ce ba.

"Garba, takardarka ta kashe mu."

"Kuna ina?"

Ya faɗi sunan wani ƙaramin gari, tafiyar awa biyu da wani abu daga Legas. Ba zan rubuta sunan ba. 'Yan sintirin garin ne suka tare shi. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa ana ɓoye miyagu a cikin motocin dabbobi ana shigo da su, kowane gari ya kafa shingensa. Sun hau sama sun ƙirga mutum bakwai. Takarda ta ce huɗu.

"Sun sauke uku," in ji Ɗanladi. "Sun cire musu riguna, sun ɗaure su a gindin bishiya. Mutane na taruwa, Garba. Na miƙa wa ɗaya abin goro, ya watsa mini a fuska."

Na buɗe jadawali. Mai lodi bai yi laifi ba, sunaye shida ya rubuta, ga su a jere. Na buɗe takardar da ta fita. Huɗu. Na duba uwar takarda, nan na ga aikina. Ramin sunaye na yanka shi daidai layi huɗu, saboda tsohon fom ɗin ƙungiya da na yi shekaru ina bugawa layi huɗu gare shi. A zamanin keke in mutane sun fi haka, juya takardar nake yi in ci gaba a baya, Alhaji ya sa hatimi gaba da baya. Ita wannan ba ta juyawa, ba ta kuma yin magana. Ta zuba huɗu, sauran biyun ta yar, ta tura abinta. A wata biyun da suka wuce babu motar da ta ɗauki fiye da huɗu. Amma gab da Sallah kowa ya san yadda ake yi. Ɗan garinku zai zo wajen lodi da jakarsa ya ce zai bi ku Legas, ba a ce masa a'a. Na san wannan tun ina saurayi, ni ma a kan buhunan albasa na zo garin nan. Na zauna zana takarda, na manta.

Na ja ramin ya yi tsawo. Hatimi ya zame ya koma shafi na biyu shi kaɗai. Na rage girman rubutu, na dawo da shi, na sake danna layin Ɗanladi a jadawali. Takarda ta fita da sunaye shida. Duka bai fi minti goma ba. Har na jingina da kujera.

Waya ta sake ƙara. Ɗanladi ya ce, "Ka ƙara ɓata abin. Ga shugabansu."

Muryar dattijo ce, da Yarbanci, a hankali yake magana. Baba Ode suke kiransa. Ya ce, "Kai ne mai takarda?"

Na ce ni ne, Baba.

"Ɗazu mutum huɗu. Direba ya kira ka, yanzu shida. In na ƙara ba ku minti goma, nawa za su zama? Ashirin?"

Na fara yi masa bayanin rami da layi. Ya katse ni.

"Takardar da ke canzawa a aljihun direba ba takarda ba ce. Hatimin nan hoto ne, jikana ma zai iya yin sa. In akwai mai hatimi na gaske, ya zo da ƙafarsa, da tawada. Ni ina riƙe da mutanen nan, amma ba zan iya riƙe garin duka har yamma ba."

Na rufe shago na nufi kara, kasuwar dabbobi. Alhaji Bawa yana zaune a rumfa, ƙafarsa mai ciwo a kan kujera, masu raguna sun kewaye shi, labari ya riga ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya buɗe akwati ya fito da hatimin katako da ƙaramin gwangwanin tawada.

"Kai ka haɗa abin nan, kai za ka je," in ji shi. "Amma ka saurare ni. Shida mai lodi ya rubuta, shida na sani. Direba ya ce bakwai ne. Wane ne na bakwai?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"To ni ma ban sani ba. Hatimin ƙungiya ba zai hau kan wanda ba mu sani ba. In ya hau sau ɗaya, kuma mutumin ya zama abin da suke tsoro, babu motarmu da za ta ƙara wucewa hanyar nan. Ka ji?"

Na ce na ji. Gaskiya ya faɗa, har yau ban ce ƙarya ya yi ba.

Na koma shago na buga sabuwar takardar a kan farar takarda, na buga shafin jadawalin da ke nuna ranar da lokacin da sunayen suka shiga. Okada, wato acaɓa, zuwa Berger, daga nan motar haya. A bakin gada muka tarar da cunkoso, wata tanka ta lalace. Ɗanladi na kira duk bayan minti goma sha biyar. Rago ɗaya ya mutu. Rago na biyu ya mutu. An hana su sauke dabbobi su sha iska. 'Yan okada sun fara taruwa. Daga baya na daina ɗauka, don ba ni da abin faɗa masa.

Bayan azahar na isa. Warin ne ya fara tarbe ni, ragunan sun kwana biyu a mota ga rana a kansu. Tirela na gefen titi. Mutane sun yi zobe, mata 'yan kasuwa, 'yan okada, masu kallo a kan katanga. A tsakiya bishiyar mangwaro, mutum uku a zaune a ƙasa ba riga, hannu a baya. Wani ya mirgino tsohuwar taya ya jingina ta da bishiyar. Babu wanda ke kallonta, babu wanda ya ɗauke ta.

Da na kutsa, wani ƙato ya dafe mini ƙirji. "Ga wani kuma! Aboki, ina za ka?"

Na gaishe shi da Yarbancin Ijebu irin na Baba Lasisi, na ce Baba Ode ne ya kira ni. Ya sauke hannu yana kallona.

Baba Ode ɗan ƙaramin tsoho ne, da tsohuwar bindigar farauta a kan cinya da tabarau ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya a ƙasarsu. Ya nuna mini benci. Kafin in buɗe jaka ya ce, "Watan jiya an ɗauke mana mutum biyu a gona. Ɗaya ya dawo. Waccan matar mai jan ɗankwali, mijinta ne bai dawo ba. Na faɗa maka don ka san ba hauka muke yi ba."

Na ce na sani, Baba.

Na shimfiɗa jadawali a kan benci. Na sa yatsa a kan lokacin. Shekaranjiya da la'asar sunayen shida suka shiga, tun motar tana kasuwar lodi, kafin ta san akwai garinku a hanya. Kuskuren nawa ne, ni na yanka wurin sunaye ya yi kaɗan. Na faɗa da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Ya gyara tabarau ya daɗe yana bi da yatsa. Sannan ya ce kar in yi magana. Ya sa aka kawo na farko, ya tambaye shi sunansa da na ubansa da garinsu, Ɗanladi na fassarawa. Ya duba takarda, daidai. Aka kawo na biyu, daidai. Ya ce, "Sa hatiminka in gani."

Na buɗe gwangwani, na danna katako a tawada, na buga. Ya shafa da babban yatsa, tawada ta kama shi. Ya ɗaga yatsan ya nuna wa jama'a. Aka kwance biyu, suka ruga suka haye mota ko rigunansu ba su tsaya ɗauka ba.

Saura ɗaya. Duk idon da ke kan mutum uku ya koma kansa.

Ba yaro ba ne. Zai kai shekara hamsin, gemu da furfura, dogo, ƙasusuwan kafaɗa a waje. An zazzage jakarsa a gabansa: riga biyu, ƙuli-ƙuli a leda, carbi, da wata 'yar wuƙa mai kube. An ware wuƙar gefe guda, an ɗora ta a kan dutse yadda kowa zai gani.

Na ja Ɗanladi gefe. "Wane ne wannan?"

"A Mokwa ya hau, inda muka tsaya ba dabbobi ruwa. Ya ce don Allah. In ce masa me, Garba?"

Na roƙi Baba Ode ya bar ni in yi magana da shi. Na tsuguna a gabansa.

"Malam, sunanka?"

"Haruna."

"Na uba?"

"Haruna Isa. Dogo ake ce mini."

Na tambayi gari, ya ce Kontagora. Na ce ƙauyen nake tambaya. Ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba. Na tambayi ranar kasuwarsu, ya faɗa. Me kuke shukawa? Dawa da waken suya, amma bana ba su shiga gona ba, ba a shiga. Wa ke limanci? Ya faɗa, har ya ƙara da cewa limamin ya koma gari wajen 'yarsa. Na bar shi na yi wata magana, na dawo na sake tambayar ranar kasuwa ta wata hanya, bai canza ba. Na ce a juya mini tafin hannunsa, duk kanta ce irin ta fartanya. Wuƙar fa? Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin sa takalmi. Ya ce da ita yake yanka rake da igiya. Wajen wa za ka a Legas? Mijin ƙanwarsa, yana dako a kasuwar Mile 12. Lambar tana cikin hularsa, a rubuce a guntun takardar buhun siminti. Na kira. A kashe. Na sake kira. A kashe.

Na kira Alhaji Bawa na gaya masa duk abin da na ji.

"Wani ya san shi?"

"Babu."

"To ka san amsata. Ka taho da motar, mutane na kuka a kaina. Shi kuma a miƙa shi ga hukuma, su bincika."

Na dubi jama'ar, na dubi hanyar. Ofishin hukuma mafi kusa yana garin gaba, kuma Baba Ode ya riga ya faɗa mini iyakar ƙarfinsa. Ɗanladi ya riƙe mini hannun riga. "Rago na uku ya faɗi, Garba. Shida sun fita. Mu tafi tun ana barinmu."

Haruna ba ya jin Yarbanci, amma ya ji Hausar Ɗanladi. Ya ce, "Malam."

Na juya.

"In za ku tafi, ka tafi da takardar lambar nan. In Allah Ya sa wayar ta shiga, ka gaya masa inda na tsaya. Don su daina jira."

Bai roƙe ni komai ba bayan wannan. Na mayar da hatimin ƙungiya cikin jaka na zuge, don Alhaji ya yi magana kuma hatiminsa ne. Na ɗauki takardar jadawalin na kifa ta a kan benci, na ciro biro. Rubutun hannuna ba shi da kyau, shekara talatin inji ke yi mini. Na rubuta da Turancin takarda cewa ni Garba, mai shagon buga takardu a wuri kaza a Agege, na tsaya wa Haruna Isa, kuma duk abin da ya taso game da shi a neme ni. Na sa lambar wayata. Na danna babban yatsana a tawada na dangwala.

Baba Ode ya karanta har sau biyu. Ya ce, "Ɗan'uwanka ne?"

"A'a."

"Ka san shi?"

"Yau na fara ganinsa."

Wasu suka yi ihu. Ƙaton nan ya ce, "Kun ji ko! Bai ma san shi ba!" Baba Ode ya ɗaga hannu.

"In ka ce ka san shi, da na ɗaure ka kusa da shi, don na ga lokacin da kake tambayar sunansa. To me ya sa ka sa yatsa?"

"Baba, aikina ke nan. Tun ina saurayi nake yi wa mutane tambaya kafin in rubuta sunansu. Manomi ne."

"In ka yi kuskure fa? Yau ma ka yi ɗaya."

Na ce, "Ga adireshin shagona nan a hannunka."

Ya kira matar nan mai jan ɗankwali, ya karanta mata abin da na rubuta, ya fassara mata kalma bayan kalma. Ta zo ta tsaya a gabana ta dube ni, ta daɗe. Ta dubi Haruna. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta ta fita daga zoben. Da ta fita, wasu matan suka bi ta.

Baba Ode ya sa aka ɗauki hotona da katina na shaida a kusa da fuskata. Ya danna lambar da na rubuta a wayarsa, ya jira har ta yi ƙara a aljihuna. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Ranar da na kira ka, ka zo da ƙafarka kamar yau. Kar ka sa in aiko." Sannan ya ce a kwance shi. Wuƙar ba su mayar ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A gaban tirela na dawo. Muka iso Berger. Can Haruna ya sauko da jakarsa. Na tsayar masa da danfo mai zuwa Mile 12, na gaya wa kwandasta inda zai sauke shi. Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Malam," ya shiga, aka ja ƙofa.

Raguna uku suka mutu ranar. Alhaji Bawa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da kai, amma bai karɓe aikin ba. Washegari na buɗe manhajar na ƙara akwati ɗaya tsakanin na huɗu da na biyar. Aikinsa tsayawa kawai. Yanzu takarda tana haɗa kanta, amma ba ta fita sai na buɗe na duba. Kuma kowane direba in ya haye gadar Jebba sai ya tsaya ya hau sama ya ƙirga kawuna, ya kira ni, in karanta masa sunaye ɗaya bayan ɗaya yana cewa "yana nan." In akwai wanda ya hau a hanya, a ba shi waya in yi masa tambayoyina. Nasiru ya gani ya ce na lalata abin, wai amfaninsa shi ne ya yi tafiya ba hannun mutum. Direbobi na zagina a kan katin waya. Ku kuma kuna ganin ina riƙe da kofin shayi da waya a kunne, kuna cewa hira nake yi.

Lambar mijin ƙanwar Haruna na kira ta kullum har sati biyu, ba ta taɓa shiga ba. Na je Mile 12 sau biyu ina tambayar wani Dogo mutumin Kontagora, aka nuna mini Dogo huɗu, babu shi a ciki. Ban sani ba ko yana can yana ɗaukar kwandon tumatir, ko ya koma gida, ko yana wani wuri yana wani abu. Takardar da na dangwala wa yatsa dai tana can inda na bar ta.

Shekara biyu ke nan Baba Ode bai kira ba. Da na canza waya bara, lambarsa na fara kwafewa kafin ta matata.